Laƙabin Da Na Sa Wa Rufin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kwamfutar shagona ta tona mini asiri a gaban surukina ba. Kwanon rufi nake sayarwa a Talata Mafara, kuma ni mutum ne da ba na son a riga ni. Shi ya sa na sa wani injiniya ɗan Bakura, Malam Sanusi, ya haɗa mini manhajar da ke nuna wa mai saye hoton gidansa a babban talabijin, a sauya launin rufi yana kallo har ya zaɓa.

Matsalarta ɗaya ce, takan sandare. Malam Sanusi ya ce kowane hoto yana kama wuri a ma'ajiyar katin hoton kwamfuta, kamar buhu a sito, kuma akwai buhunan da ke shiga ba sa fita. Sai ya ƙara wa manhajar wani gurbi na rubuta suna. Duk gidan da na ɗora in sa masa suna, sunan ya manne da wurin da hoton ya kama, ranar da ma'ajiyar ta cika sai mu ga na wa ne ya cinye ta.

"Wa zai gani?" na tambaye shi.

"Daga ni sai kai, Alhaji."

(Bai gaya mini cewa a kan talabijin ɗin nan abin zai fito ba. Ni ma ban tambaya ba.)

To a lokacin mahaifin matata yana gini a Maradun. Dattijo ne mai wuyar gamsarwa, na sha wahala kafin ya yarda ya sayi kwano a wurina maimakon Gusau. Yau ya ce shuɗi, gobe ja, jibi kore. Ranar da ya ƙure ni, bayan ya fita, na goge sunan gidansa na rubuta: SURUKINA SARKIN CANZA RA'AYI. Har dariya na yi ni kaɗai.

Ranar Talata, kasuwa ta cika, sai ga shi da amininsa, wani tsohon hedimasta. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ina durƙushe. Ya ce a nuna masa ja. Na nuna. A koma kore. Na koma. Ruwan ƙasa fa? Ina dannawa hoton ya tsaya cak, allon ya yi baƙi, sai jan rubutu ya fara saukowa. Laƙabin nan ne, layi bisa layi, tun daga sama har ƙasa.

Na danna nan, na danna can, ko gezau. Soket ɗin kuwa yana bayan kujerar Baba, ba damar in tsallake shi.

"Mi aka rubuta nan? Ban zo da tabarau ba."

"Baba, maganar inji ce, ba ta da ma'ana."

"To ai ga mai boko. Malam, karanta muna."

Hedimasta ya matsa kusa, ya ƙura ido, ya juyo ya dube ni. Na roƙe shi da ido. Ya gyara murya, ya karanta shi dalla-dalla kamar mai kiran sunan ɗalibai. Da ya gama sai ya ce, "Na ƙasa ma haka yake, in ci gaba?"

Na so ƙasa ta tsage. Ba cinikin nake tunani ba, tunanin yadda zan sake taka zauren Maradun nake yi.

Baba ya daɗe yana jan carbi. Can ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya ce, "Sarki ya yanke hukunci. Shuɗin farko. A kai shi gobe." Bai yi mini sallama ba.

Na kira Malam Sanusi. Mutumin nan murna ya kama yi. Wai laƙabin ya yi aiki, yanzu ya gane duk launin da aka sauya, tsohon hoton ba ya barin ma'ajiya. Kafin la'asar ya gyara manhajar. Nawa gyaran sai da na haɗa da kawuna da ƙwaryar goro, muka je Maradun na ba da haƙuri.

Baba ya yafe, amma har yau in na kira shi, matata na gefe tana danne dariya, sai ya ɗauka ya ce, "Fada ce nan, wa ke magana?"

Yanzu kowane gida sunan unguwarsa nake sa masa. Kwamfuta ba ta san kunyar suruki ba.