Barista Leda da Takardar Maman Kefas

Garin da ya samu Barista Dominic ya gama dacewa. Mu mutanen Zuru mun gode Allah, don shekara goma sha ɗaya bawan Allah nan ya yi a kotu. Masu hassada kan ce ai masinja ne, fayil kawai yake ɗauka daga wannan ofis zuwa wancan. To, wanda ya ɗauki doka a hammata shekara goma sha ɗaya, a ce ba ta shige shi ba?

Ofishinsa na bakin tasha: benci ɗaya, baƙar kwat da ba ya cirewa ko a tsakiyar bazara, da injin liƙe takarda da leda. Wannan inji shi ne zuciyar shari'arsa. Katin baftisma, takardar sallamar soja, rasit ɗin babur, duk abin da ya shigo sai ya fito yana ƙyalli. Shi ya sa muke ce masa Barista Leda, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Ana nan sai ga Magdalene, wadda kowa ke kira Maman Kefas. 'Yar Laberiya ce. Marigayi Saje Ishaya ya zo da ita daga aikin kiyaye zaman lafiya shekara talatin da suka wuce, ya yi mata komai ban da takardar zama. Tana noma dawarta a Rikoto, tana jin yarenmu na C'lela fiye da ni. Yanzu wasiƙa ta zo daga hukumar shige da fice, da fom a ciki: ta cike ta mayar cikin kwana talatin, in ba haka ba zamanta ya haramta. Matar nan ta tsorata ƙwarai. Kabarin mijinta na nan, jikokinta na nan, can kuwa ba ta san kowa ba.

Maƙwabciyarta Leah ta ce mata tun ranar farko, a Birnin Kebbi akwai lauyoyin da gwamnati ke biya don marasa hali, ta tafi yau yau. Barista ya ji, ya gyara kwat.

"Lauyan kyauta? Maman Kefas, araha ba ta ado. Waɗannan yaran sai magana ta lalace ake zuwa wurinsu. Ni nan da kike gani, alƙalai bakwai na yi aiki da su, babu wanda ya taɓa zama ban shiga gabansa ba."

Gaskiya ne, shi ke share kujerar.

Mako na farko ya tafi wajen nazari, wato ya sa wasiƙar a aljihu yana zagaya kasuwa da ita. Mako na biyu ya rubuta wa hukuma shafi tara, ya kawo tarihin sojojin Zuru tun daga yaƙin Bama na zamanin Turawa, sunan Magdalene bai fito ba sai a shafi na takwas. Mako na uku babu wuta. Ran da aka kawo ta, Barista ya yi babban aikin: ya liƙe takardar aure, ya liƙe hoton Saje, ya ɗauko fom ɗin hukuma, fari fat ba a rubuta ko alif ba, ya tura shi cikin inji.

"Yanzu ko ruwan Agusta ba ya taɓa shi," in ji shi.

Ranar ashirin da tara Leah ta gaji. Ta sa Magdalene a motar farko, suka nufi Birnin Kebbi. Barista ya biyo su, wai zai je ya koya wa yara aiki.

Lauyar da suka samu, Farida, ba ta da kwat ma. Ta karɓi fom, ta ɗora biro, biro ya zame. Ta sake, ya sake zamewa. Ta dubi Magdalene.

"Mama, ran da irin wannan wasiƙa ta zo, ran nan ake zuwa wurinmu, ba ranar da ta kusa cinye mutum ba. Da kin ƙara kwana biyu, da sai dai mu yi roƙo."

Magdalene ta fashe da kuka. Lauya ta sa aka kawo sabon fom, ta yi mata tambayoyi, cikin minti ashirin an cike, Mama ta dangwala yatsa. Barista dai yana tsaye yana bayani a kan alƙalai bakwai, babu mai sauraro.

Saura rabin awa ofishin karɓar takardu na hukumar, da ke cikin ginin, ya tashi. Lauya, ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta miƙa fayil gefe.

"Wa zai kai wannan ƙofa ta uku, da sauri?"

Kafin kan Barista ya yi shawara, ƙafafunsa sun yanke hukunci. Ya ce "To, ranki ya daɗe," ya maƙale fayil a hammata, ya zuba da gudu, kwat na tashi a bayansa. Wallahi ban taɓa ganin gwaninta irin wannan ba. Minti huɗu ya dawo da hatimi.

Maman Kefas ta girbe dawarta a Rikoto bana. Barista kuwa yana bakin tasha yana gaya wa duk mai wucewa cewa da hannunsa ya shigar da takardar nan. A duk tarihin aikin lauyansa, wannan ce magana ɗaya da ba ƙarya ba.