Jatau Ya Nemi Mai Taya Gidansu

A unguwar Bayan Kasuwa akwai wani bawan Allah, Jatau, wanda in ka faɗa masa magana yakan ɗauke ta yadda ta fito, ba ragi ba ƙari. Shi da yayarsa Tabawa mai daddawa ke zaune a gidan ƙasan da mahaifinsu ya bari. Gari ya bunƙasa har titi ya biyo ta ƙofarsu, maƙwabcinsu Alhaji Barau kuwa ya daɗe yana zawarcin gidan a ɓoye. Da aka ce ƙaramar hukuma za ta kimanta gidaje ta yanka haraji, hankalin Tabawa ya tashi, don in aka yanka musu abin da ya fi ƙarfin daddawa, sai dai su sayar.

Wata rana ta ji cewa rufin kwano na ɗaga darajar gida, ta ce wa Jatau ya san yadda zai yi kada ma'aikacin haraji ya ga kwanon ɗakinta. Ita zana take nufi ya shimfiɗa a kai. Kafin ta dawo daga kasuwa ya ɓamɓare kwanon tas ya ɓoye bayan rumbu. Da la'asar ruwa ya sauko ya jiƙe mata katifa da buhun kalwa.

Wata rana kuma mai unguwa ya ce gidan da ƙofarsa ke kallon titi ya fi ɗaukar haraji. Jatau ya toshe zaure da tubali, ya fasa katangar baya. Ƙofar ta ɓulla garken Alhaji Barau, awaki suka shigo suka cinye dawar da aka shanya. Tabawa ba ta ko yi faɗa ba, faɗa da Jatau ɓata yawu ne.

Wata rana ma'aikacin ya iso, ya auna tsakar gida, ya ƙirga ɗakuna. Jatau ya tambaye shi yadda ake gane darajar gida.

"Abin da mai saye zai taya, shi ne darajarsa," in ji ma'aikacin.

Sai Jatau ya kama hannunsa, suka bi unguwa ƙofa ƙofa yana tambayar wanda zai taya. A unguwar nan kuwa abin kunya ne a taya gidan gado magada na ciki, don haka kowa ya ce Allah ya kiyaye. Jama'a na biye da su har suka iske Alhaji Barau a ƙofar masallaci. Da Jatau ya tambaye shi, Alhaji ya dubi liman, ya dubi dattawa.

"Ni? Ko kyauta aka ba ni ba na so."

Ma'aikacin ya koma ya dubi katangar da aka fasa, ya sa gidan a matakin ƙasa. Alhaji kuwa tunda ya faɗa a gaban liman, bakinsa ya rufu ke nan a kan sayen gidan.

Jatau ya koma gida ransa a ɓace, ya tsuguna gaban Tabawa.

"Yaya, ki yi haƙuri. Na zagaye unguwa kaf, gidan Baba ba mai so sai mu."