Muciyar Gwaggo Hassi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je neman aikin koyarwa a Ƙaura ba.

Ni doguwa ce, kuma tun ina sakandare nake tafiya a ranƙwafe don kada tsawon ya fito. 'Yan ajinmu har raƙuma suke ce mini. Da aka kira ni ganawar ɗaukar malaman firamare, gidanmu duk ya ɗora rai a kai, don Baba ya kwanta ciwo tun damina, babu mai shigo da komai.

Ƙanwar Baba, Gwaggo Hassi, ta dube ni ta ce, "Wa zai ɗauki malama mai doro? Taho nan." Ta ɗauko doguwar muciyar tuwon biki, ta jingina mini a gadon baya daga wuya har ƙasan kugu, ta ɗaure tam da tsohon zane. "Tunda Shari'a ta zo kowa hijabi har ƙasa, wa zai gani?" (Ni mai takardar sakandare, har da yi mata godiya.)

Daga garinmu Sakajiki zuwa Ƙaura a motar mata, duk ramin da muka faɗa sai icen ya daki ƙashin bayana. Kafin mu isa ƙafata ta hagu ta soma mutuwa.

Dattawa uku na tarar a ofishin. Na shiga a miƙe kamar soja, har na ga ɗaya ya gyaɗa kai. Abin da ni da Gwaggo muka manta shi ne, ba a gaida manya a tsaye. Ina durƙusawa gindin muciyar ya daki siminti, kanta ya yi sama, ya ɗaga hijabina kamar rumfa, ya tafi da ɗankwalina. Ga kaina a buɗe gaban maza, kitson ma ya kwana biyu. Na zabura zan rufe, zanen ya kwance, muciya ta faɗo ta gangara har ƙafar shugabansu, da busasshen tuwon dawa a bakinta.

Duk suka kau da kai suna salati. Can shugaban ya ce a hankali, "Ɗiyata, mi ya kai ki ga wanga?" Da ma dariya suka yi, da ya fi mini sauƙi. Ban amsa ko tambaya ɗaya daidai ba. Sunana bai fito cikin waɗanda aka ɗauka ba.

Kwana uku ƙafar ba ta dawo ba, na yi ta kuka ina ganin na shanye ke nan. Wata nas a asibiti ta ce na danne jijiya ne, saura kaɗan ƙafar ta shanye. "Baya ba bango ba ne da za a tokare shi. Ki zauna ƙafafunki a ƙasa, ki buɗe kafaɗa, ki rage kaya a ka, ki daina jin kunyar tsawonki."

Ina ƙoƙari. Na dai gane cewa da doron nawa na je, wataƙila da yanzu ina gaban allo. Gwaggo kuwa har yau ba ta tambayi bayana ba. Muciyarta take cigiya, ni kuma ko a mafarki ba zan koma ofishin nan ɗaukowa ba.