Ranar da Na Shayar da Mudir Gishiri

Ko yau aka tashe ni daga barci ba zan manta da ranar da na miƙa wa mudir, wato manajanmu, ruwan gishiri da hannuna ba, ina ta murmushi.

Lokacin ina aiki a wata ƙaramar matatar ruwan teku a kudancin Jidda. Rariya biyu ruwan ke bi. Ta farko tana tsince sinadaran da ke daskarewa su toshe injin, ta biyu kuma tana cire gishiri, kowace da famfonta mai shan lantarki. Mu biyu ke kula da layin, ni da Ammu Usman, wani dattijon Bahaushen Sudan da ke zaune a unguwar Sa'alaba, wanda shi ya koya mini riƙe sifana ma. Sai kamfani ya sanar cewa mutum ɗaya za a sabunta wa iƙama, wato takardar izinin zama, a cikinmu.

Nan dabara ta faɗo mini (ni fa a lokacin gani nake duk Jidda babu mai kaina). Na karkatar da ruwa ya tsallake rariyar farko, na kashe famfonta. Mitar lantarki ta sauka, ni kuma kaina ya kumbura. Ammu Usman ya ja ni gefe ya ce waɗanda suka haɗa rariya biyu ba don ado suka yi ba, ta biyun za ta toshe. Na ce masa zamani ya wuce shi. Wallahi haka na faɗa, ga mutumin da ke raba fulunsa, wato dafaffen wakensa, da ni kullum da safe.

Bayan makonni mudir ya zo da baƙi don su ga tsimin da na yi. Na zuba bayani har da nuni da biro, na ƙi kallon allon da ke nuna matsi ya hau, gishiri na ratsawa. Al'adar mudir ce ya sha kofi ɗaya daga famfon ƙarshe. Don burga na fara kurɓa. Harshena ya gaya mini gaskiya, amma na haɗiye na ce, "Mumtaz," wato ya yi daidai. Sannan na cika masa nasa.

Ya kurɓa, ya juya ya tofar kusa da takalmin wani baƙo. Ya tambayi wanda ya ba da izinin kashe rariyar farko. Ni da na shafe rabin awa ina "ni na yi, ni na gano", sai na tsinci kaina ina nazarin igiyar takalmina.

"Ni ne babba a layin, ya mudir," in ji Ammu Usman. "Halas, shi ke nan, laifina ne."

Rariya ta biyun ta lalace, canjinta ya cinye tsimin da na yi har ya nemi ƙari. Ni aka sabunta wa iƙama. Ranar da Ammu Usman zai tafi na je da niyyar ba shi haƙuri, ya tare ni da cewa 'ya'yansa sun girma, nawa kuwa ko makaranta ba su shiga ba. Har yau abin na ci mini rai.

Yanzu in na hango hanya mai arha da kowa ya ƙi bi, nakan fara tambayar dalili. Sai dai wanda zan tambaya na riga na kore shi.