Ofishin Mallaka

Allah Ya yi mana baiwa da Farfesa Hatimi. Ba jami'a ce ta ba shi farfesan ba, shi ya ba kansa, da ya ga jami'o'in na jan ƙafa. Da can cajar waya yake sayarwa. Sai ya halarci wani taron bita kan haƙƙin mallakar fasaha, ya ci ya sha, ya dawo da kwat da jaka, hancinsa na kallon sama.

"Al'ummar da ba ta kare ƙirƙira ba ta mutu," in ji shi ga mai wankin mota. "Ni hangena na shekara hamsin ne. Kasuwancin intanet! Ci gaba mai ɗorewa!" Mai wankin ya ce ya ɗaga ƙafa, ruwa zai wuce.

Abin da ke hana shi barci kujerar mashawarci ce a ƙungiyar masu ƙirƙira. Shugaban ƙungiyar ya ce sai ya zo ofis ya gani da idonsa ko akwai masu zuwa.

Farfesa ya kama ɗaki, ya raba shi da labule, ya kira mai rubutun allo. Mutumin ya auna, ya ce "Farfesa Dakta Jagoran Ƙirƙira na Ƙarni" da "Ofishin Haƙƙin Mallakar Fasaha" ba za su shiga allo ɗaya ba, sai an rage. Wa ya isa ya taɓa muƙaman? Aka rage ɗayan, ya koma OFISHIN MALLAKA. Da yake a taron an ce a tallafa wa mata, ya ƙara a tallan intanet: "Naki naki ne har abada. Mu buga hatimi, ba mai ƙwace miki."

Mata kuwa suka yi ta tururuwa. Bawan Allah bai tambayi ko ɗaya me ke tafe da ita ba, don babban mutum ba ya tambaya, jawabi yake yi. Wata ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malam, yana kamawa kuwa?"

"Kamawa? Har gaban alƙali!"

"In wata ta riga ni fa?"

"Wadda ta fara rajista ita ke da shi. Doka ce."

Ya ce duk su dawo ranar da shugaba zai zo.

Ranar, benci ya cika har ƙofa. Farfesa na bayan labule yana gyara kwat. Shugaba ya russuna wa wata dattijuwa, ya ce, "Baba, me kika ƙirƙiro?"

"Ƙirƙira kuma? Ɗan nan, 'yata na zo wa. Mijinta ne ya gagare ta. Ba cefane, ba zaman gida, sai jawabi. Ko barkwanci ya yi, wai kar a maimaita sai da izininsa. A mallaka mata shi, ko ma samu lafiya."

Labule ya buɗe. Farfesa ya fito hannu a ware, "Barka da zu..." Sai ya yi ido biyu da surukarsa. Nan take ya durƙusa har ƙasa. Shugaba ya mayar da biro aljihu, ya fara neman takalmansa.

Dattijuwa ta ƙare masa kallo tsaf.

"Au, kai ne malamin? To madalla, an huta da kawo gashin kanka. Ɗauko hatimin ka buga wa goshinka, in kai mata kayanta gida."