Rasuwar Babcia, Motar Sulken Henryk Sroka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da nauyin rashi, Henryk Sroka na birnin Łódź yana sanar da 'yan'uwa masu wasan yaƙi da 'yan sojojin roba a kan tebur rasuwar motarsa mai sulke, wadda kowa ya sani da Babcia, wato Kaka. Ta rasu ranar Asabar da rana a ɗakin ƙasa na kulob ɗin 'yan wasan, tana bakin aiki, sojojinta na cikinta.

Marigayiya 'yar roba ce, ba ta wuce tafin hannu ba. Amma ta yi shekaru tana ratsa duniyoyin da babu iskar shaƙa, tana kai sojoji bakin daga. Ba ta da gudu, bindigarta kuwa ba a tuna ranar da ta sami wani abu ba. An dai shaide ta da haƙuri. Sau da yawa ta sha wuta don na cikinta su sauka lafiya. Ƙofar bayanta kan ce ƙas idan an buɗe, kuma Henryk ya ce har yanzu yana jin wannan ƙarar.

Henryk ne ya haɗa ta, amma amininsa tun makaranta, Ludwik Bielak, shi ya yi mata fenti, har da tsatsar gefen ƙofa da lakar sarƙoƙinta. Ita ce aikinsa na ƙarshe kafin ciwon rawar hannu ya kama shi. Tun daga nan sai dai ya zo ya zauna kallo, hannu a aljihu.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Ana cin Henryk da yaƙi ranar, Ludwik ya kasa daurewa.

"Kai tsoho, za ka kashe yaran nan a banza. Ba ni ita in nuna maka hanya."

Henryk ya dubi hannun Ludwik, ya dubi fuskar abokinsa, ya kasa hana shi.

"Ɗauka, sarkin surutu."

Ludwik ya ɗaga ta, hannun ya ƙwace masa, ta faɗi kan siminti. Ya durƙusa yana tsince gutsattsarin, suna zubewa daga yatsunsa.

"Gam zai kama ta, Ludwik," in ji Henryk.

"Zai kama. Wa zai yi fentin?"

Ludwik ya ɗauki kwat ɗinsa ya fita. Bai ƙara ɗaga waya ba. Matarsa Danuta ta ce ya zuba burusan fentinsa a shara, ba ya fita ko sayen burodi.

Marigayiya ta bar sojoji goma, biyu sun rasa kai, da direban da aka manne a cikinta tun farko, wanda ba a sake ganin fuskarsa ba sai ranar da ta fashe. Ta bar ƙanne biyu, motocin da ke jiran fenti tun shekarun baya.

Ana karɓar gaisuwa a kulob. Akwai shayi da pierogi, wato dafaffen kwaɓin fulawa mai nama ko dankali a ciki. Ana roƙon jama'a kada wanda ya kawo sabuwar mota a kwali, kada kuma a ce ai roba ce.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a lambun Henryk, ƙarƙashin bishiyar tuffa. An riga an haƙa rami, an sa marigayiya a gwangwanin shayi. Henryk ya je ƙofar Ludwik ya faɗa masa ta bayan ƙyaure cewa shi Ludwik ɗin ne zai ɗauki gwangwanin, in ya faɗi a sake ɗauka. Ba a amsa masa ba. Masu zuwa su sa kaya masu kauri saboda sanyi, domin ba za a rufe ramin ba sai Ludwik ya zo.