Ranar da Aka Gwada Bindigar Buba

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Alhamis ɗin nan ba, ko da mutanen unguwarmu za su yi mini alfarma su manta, abin da har yau ba su nuna alamar yi ba.

Ni dai a Gella an san ni. Ba ni da yawan dariya, kuma ba a yin abu a gabana in kasa gani. Surukata Hafsatu takan ce ko gishiri ta ƙara a miya a bayan idona sai na ji a jikina. Shekara arba'in da ɗoriya na yi da marigayi maigidana, maharbin da aka san sunansa har Michika, saboda haka na ɗauki kaina rabin maharbi, alhali ban taɓa shiga daji da niyyar kashe ko ɓera ba.

Buba shi ne autana (shi ya sa kuke ji ina kiran sunansa gatsau). Tela ne, shagonsa na bakin tasha, yana da mata da 'ya'ya huɗu, furfura ma ta fara leƙo masa a gemu. Duk zaman ubansa a duniya bai taɓa kallon bindiga sau biyu ba. Sai da aka shekara biyu da rasuwar, rannan ya zauna a ƙofar ɗakina ya ce yana so ya shiga farautar rani tare da mutanen babansa, yana so ko sau ɗaya ne ya shigo gidan nan da mazo a kafaɗa kamar yadda ake shigowa da. Na ce masa allura daban, bindiga daban. Amma da ya fita sai da na share ido da bakin zane.

Bindigar marigayi ta riga shi tafiya, bakinta ya tsage tun yana da rai, don haka dole a nemi sabuwa. Sarkin Baka kuma, wato shugaban maharbanmu, tsohon abokin marigayi ne, amma abota ba ta sa ya sassauta ba. Ya ce Buba ya yi rajista da ƙungiya kamar kowa, ya kawo bindigarsa ranar Alhamis gindin ɓauren da ke bakin mayo, wato rafin garinmu, ya ɗura ta da hannunsa a gaban dattawa, ya harba. In sun gamsu, Asabar ya bi su dutse. In ba su gamsu ba, sai baɗi. Dalilinsa shi ne a jere ake tsayawa a farauta, wanda bai san bindigarsa ba kuwa maƙwabcinsa yake harbi.

Da Buba ya ce zai je Mubi wurin maƙeri, na riga shi ɗaukar mayafi. Ya ce, "Dada, motar nan da jijjiga." Na ce jijjigar da ba ta kashe ni ba sanda nake da cikinsa ba yau za ta kashe ni ba.

Maƙerin sunansa Vandi, mutumin Michika ne, dattijo mai sanyin magana, ɗan yatsansa ɗaya ya lanƙwashe saboda aikin guduma. Ya fito mana da harba-ka-ruga guda uku, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ya ce gajerar ta birai ce masu ɓarnar gona, mai matsakaicin tsayi ta gada da zomo, doguwar kuma ita ce ta mazo, don mazo ba ya bari a matso shi. Buba ya tsaya yana shafa su kamar mai zaɓen shadda. Ni kuwa na karɓa ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasa ƙarfen da zobena, ina kasa kunne, yadda nake wa tukunyar ƙasa a kasuwa don in ji ko da tsaga. (Ban taɓa ganin marigayi ya yi haka ba, amma na ga mutane sun fara tsayawa kallo, to ina zan fasa.) Na ce doguwar. Vandi ya ce Mama ta iya zaɓe. Wannan kalmar ita ta kashe ni, don tun daga nan kaina ya daina shiga ƙofa.

Ya ɗaure ta a jikin bishiya a bayan maƙera, ya ja kunamar da igiya daga nesa, ta tashi da ƙarar da ta kori kajin unguwar gaba ɗaya. Sannan ya sa Buba ya kafa ƙotar a kafaɗa, ya ga ta yi masa tsawo, ya rage ta da zarto. Ya yi masa zane a jikin sandar ƙarfen da ake danna albarushi, don in ya zura ya san ko bindiga a ɗure take ko babu komai. Ya ba shi ɗan ƙahon akuya na awo, ya ce cikinsa ɗaya, kada ya ƙara ko wa ya ce masa. Duk abin da ya faɗa ina da nawa a kai. Ya ce kaza, in ce haka marigayi yake yi. Ya ce kaza, in ce marigayi ba haka yake yi ba. Akwai wata magana da ya yi a ƙarshe a kan cikin bindiga da danshi, na ga dai bakinsa na motsi, amma lokacin ina ba wani mai gyaran keke labarin yadda marigayi ya kayar da gadu a bayan Betso.

Ranar Laraba da la'asar Buba yana shago, Hafsatu ta tafi barka. Na shiga ɗakinsa ɗaukar tsintsiya, sai ga bindiga a jingine a lungu. Na ɗauke ta na leƙa bakinta. A bushe ƙamas. Raina ya ɓaci. Na ce yaran zamani ke nan, gobe za a tsaya gaban dattawa amma ba wanda ya tuna ya ba ƙarfe mai. Sau nawa marigayi yana zaune a tsakar gida da bindiga a cinya zai ce in miƙo masa kwalbar man gyaɗa? Da hannuna nake miƙa masa, in koma madafi.

Kwalbar ranar babu komai a ciki. Amma da safe na soya wa jikokina ƙosai, akwai ragowar mai a kasko. Na ce mai ai mai ne. Na tace shi da ƙyalle, na tsayar da bindigar, na tsiyaya mata kusan rabin kofin shayi ta baki, ina jin yana gangarawa har ƙasa. Na goge bakin tas, na goge jikin har tana ƙyalli, na mayar da ita lungunta. Ban gaya wa kowa ba. Na bar shi sai an gama yabon Buba, sannan in ce, to, ku tambayi wanda ya gyara masa.

Alhamis da hantsi muka hallara gindin ɓaure. Maharba sun kai goma sha biyar, da rigunansu masu layu, ga 'yan kallo. Mata ba sa zuwa wurin nan, amma ni aka shimfiɗa mini buzu a gefe saboda darajar marigayi. Vandi ma ya zo, don al'adarsa ce ya ga bindigarsa ta yi harbin farko a hannun mai ita. An jingina wani tsohon murfin tukunya a jikin gaɓar mayo.

Buba ya yi komai a natse. Ya zura sanda ya duba zane, ya auna ƙaho ɗaya ya zuba, ya danna tsumma, ya zuba dalma, ya sake dannawa. Dattawa na gyaɗa kai. Ni kuma ina gyaɗa nawa fiye da na kowa. Ya durƙusa, ya saita, ya ja kunama.

Ƙas. Shiru.

Sarkin Baka ya ce ya riƙe ta a haka, kada ya juyo da bakinta, wani lokaci takan yi nawa. Aka jira. Aka sake gwadawa, ƙas. Na uku ma haka. Na ga gumi yana bin wuyan ɗana, na ga wasu matasan maharba suna sunkuyar da kai suna taɓa juna.

Da na yi shiru a nan, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma sai na miƙe. Na nuna Vandi da yatsa, na ce ya ji tsoron Allah, ya dubi maraya ya haɗa shi da bututun ruwa ya ce bindiga ce. (Marayan nan shekararsa talatin da takwas.) Na ce tun a maƙera na ji ƙarar ƙarfen ba ta yi mini ba, kara kawai na yi masa. Na ce da marigayi na nan da ko a tsakar gida ba zai yarda a jingina wannan abu ba. Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba.

Vandi ya bari sai da na gaji. Sannan ya ce, "Mama, bindiga nan lafiyanshi ƙalau ya bar hannuna. Bari mu duba cikinshi."

Ya ciro wata waya mai ƙugiya daga jakarsa, ya zaƙulo tsumman farko, ya zazzage dalmar a tafin hannu, ya zaƙulo na biyu. Sai ya kifa bakin bindigar a kan wani faffaɗan dutse. Maimakon gari ya zubo, sai wani baƙin abu mai kauri ya fara ɗiga a hankali, kamar kunun da ya kwana. Ya dangwala da yatsa ya kai hanci. Ya dubi sama. Ya miƙa wa Sarkin Baka yatsan, shi ma ya shinshina, sannan ya tsuguna ya tsinci wani ɗan abu a cikin baƙin kunun, ya ɗaga shi a rana. Soyayyiyar albasa ce. Ashe ƙyallen nawa da huji.

Sarkin Baka ya ce, "To, ita dai ta karya kumallo. Da ƙosai ma."

Dariyar da aka yi ba mai ƙarfi ba ce, irin ta dattawa ce da ke fita ta hanci, ita kuwa ta fi ciwo. Ni ina tsaye, yatsana bai ma gama sauka ba. Sarkin Baka ya gyara fuska ya tambayi Buba wa ya zuba wa bindiga mai. Buba bai dube ni ba ko kaɗan. Ya san man, shi ma ya ci ƙosan. Ya ce shi ne, kuskure ya yi.

Sarkin Baka ya ce in haka ne sai haƙuri, mutumin da zai cika bindigarsa da mai ya kuma ɗura mata albarushi a kai bai isa tsayawa a jere da mutane ba, ya je ya ƙara koyo, baɗi a sake dubawa. Buba ya ce to. Ya fara naɗe jakarsa.

Wallahi na so in bar shi a haka. Na ce a raina shekara ɗaya ai kamar gobe ce, ni kuwa girman da na tara shekara sittin nake tarawa. Amma na ga yadda yake ɗaure bakin jakar, sau uku yana kuskure ƙullin, tela guda. Sai na ji muryata ta fito, ƙarama, ba irin wadda na zagi Vandi da ita ba.

"Ni ce. Yana shago na zuba."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon, na kuwa fi so a yi. Sarkin Baka ya tambaye ni a hankali ina na ga ana haka. Na ce wurin abokinsa, sau ɗari na miƙa masa kwalba. Ya ce haka ne, to bayan na miƙa fa, me yake yi? Ban sani ba. Kullum ina miƙawa nake juyawa. Shi ne ya gaya mini, a gaban kowa, cewa ɗigo biyu marigayi yake sa wa tsumma ya goge ciki saboda tsatsa, in zai ɗura kuma sai ya bi da busasshen tsumma har sai ya fito fes. Sauran man, in ji shi, a ƙafarsa yake shafawa saboda faso.

Na juya wurin Vandi na ce ya yafe mini, baki ne ya riga hankali. Ya ce ba komai, uwa ce, tasa uwar ma ta taɓa wanke masa sabon zuga-zugi da ruwa don ta ga ya yi datti. Ko gaskiya ne ko don ya rufa mini asiri ya ƙirƙira, Allah ya saka masa.

Bindigar sai da aka wanke ta da ruwan zafi aka shanya ta kwana uku, saboda haka farautar Asabar ɗin ta wuce Buba. Amma Sarkin Baka ya janye maganar baɗi. Alhamis ta gaba aka sake gwaji, aka ce murfin tukunyar ya tashi sama ya faɗa cikin mayo. Aka ce, domin ni ban je ba, na ce ƙafata ke ciwo. Fita ta biyu ya bi su. Mazo dai bai samu ba a shekarar, gada ya kawo, 'yar ƙarama, amma yadda ya shigo da ita zaure sai ka ce giwa ya kayar.

Sharaɗi ɗaya Sarkin Baka ya ƙara masa, kuma a gaban jama'a ya faɗa: a rataye bindiga inda hannun Dada bai kai ba. Washegari na ji Buba ɗan albarka yana buga ƙusa can kusa da rufin ɗakinsa. Abin da na koya shi ne, mai miƙa kwalba ba shi ne maharbi ba, ko ya shekara arba'in yana miƙawa. Har yanzu in na wuce nakan ɗaga kai in ga kamar ta ɗan yi ƙura. Akwai turmi a tsakar gida, in na taka shi zan kai. Ban dai taka ba tukuna.